Asibitin Gwamnati Ko Na Kuɗi? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Kiwon Lafiya A Hannun Hukuma

Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti yana jinyar ɗan uwa ya san wannan gardamar. Wani ya ce gwamnati ta cire hannunta tunda ta gaza, wani ya ce ai in ta cire talaka ya shiga uku. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi a nan Zariya, da amsoshinsu gwargwadon yadda aikin ke tafiya a zahiri.

Wai me ake nufi in an ce gwamnati ce ke riƙe da kiwon lafiya?

Abu biyu ne ake cakuɗawa, kuma rabin gardamar daga nan take. Akwai wanda ke biyan kuɗin magani, akwai wanda ke gudanar da asibiti. Gwamnati na iya yin duka biyun, kamar a Ingila, inda tun 1948 ake biya daga haraji kuma yawancin asibitoci na hukuma ne. Tana iya tsara biya kawai ta bar gudanarwa ga wasu, kamar a Jamus, inda tun 1883 ma'aikaci da uban aikinsa ke zuba kuɗi a asusun jinya, asusun ya biya asibiti ko na wane ne. Namu a Najeriya ya sha bamban da duka biyun: gini da albashin ma'aikata na gwamnati ne, amma magani da gwaji da kayan tiyata daga aljihun majinyaci suke fitowa. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, mutane ne ke zarowa daga aljihu a ranar da ciwo ya same su.

A nan Zariya, wane asibiti ne na wa?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na gwamnatin tarayya ne, haka cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye. Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan na gwamnatin jiha ne. Ƙananan asibitocin unguwanni, waɗanda manya ke kira sha-ka-tafi, suna ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha tare da ƙaramar hukuma. Na Wusasa na mishan ne. Sanin wannan na da amfani, domin kukan da ya shafi Shika ba kwamishinan lafiya na Kaduna ake kai wa ba, kuma yajin aikin da ya rufe ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayan ba.

In asibitin na gwamnati ne, me ya sa nake biyan kati, gwaji, gado, har safar hannu?

Domin abin da ke isa asibitin daga kasafin kuɗi galibi albashi ne. Kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wato man janareto, wutar lantarki, ruwa, iskar numfashi, gyaran na'ura, ɗan kaɗan ne ke zuwa, wani lokaci a makare. Asibiti sai ya cike giɓin da abin da ya karɓa a hannun majinyata. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Na tarayya ya daɗe yana kai-komo tsakanin kashi 4 da 6. Ko a inda aka rubuta kaso mai tsoka a takarda, abin dubawa shi ne nawa aka saki kafin shekara ta ƙare.

Daga tsakiyar 2023, da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, lamarin ya ƙara tsanani, domin yawancin magunguna da sinadaran gwaji, ko dai daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su.

Me ya sa likita zai rubuta magani, a je ɗakin magani a ce babu, a saya a waje?

Yawancin ɗakunan magani na asibitocin gwamnati suna tafiya ne kan tsarin jari mai juyawa, wanda ya yaɗu a Afirka bayan taron Bamako na 1987. Ana zuba jari sau ɗaya a sayi magani, a sayar da ɗan ƙarin riba, a sake saye da kuɗin. Muddin kuɗin na komawa asusunsa, magani ba ya yankewa. Jarin na karyewa ne ta hanyoyi huɗu da aka sani.

Na farko, a ranci kuɗin magani a sayi man janareto ko a biya wani bashi, da niyyar za a mayar, a kasa mayarwa. Na biyu, hukuma ta yi shelar cewa masu ciki ko yara ƙanana kyauta ne, ɗakin magani ya bayar, amma kuɗin da za a biya shi da shi bai zo ba. Na uku, farashi ya tashi tsakanin saye da saye: kwalin da aka sayar kan tsohon farashi, kuɗinsa ba zai sayo rabin kwali a sabon farashi ba, ga shi sauya farashi a asibitin hukuma sai an bi kwamiti. Na huɗu kuma, ba za mu ɓoye ba, akwai ɓarna: maganin da ya lalace a sito saboda an sayo abin da ba a buƙata, da wanda ke fita ta bayan gida.

Idan an tura ka waje, riƙe takardar likita, kada ka yarda mai kemis ya sauya maka magani da "irinsa" ba tare da ya nuna maka sunan sinadarin ya zo ɗaya ba. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kuma ka sayi adadin da aka rubuta cif. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, na babba ƙwaya 24 ne in ƙananan ƙwayoyin ne, huɗu safe huɗu yamma har kwana 3. Wanda ya sayi rabi saboda ƙarancin kuɗi, zazzaɓin zai lafa ya dawo, ya biya sau biyu.

Layi fa? Mutum ya yi asubanci amma sai azahar ya ga likita.

Wannan ita ce illar da ta fi fitowa fili, kuma ba a nan kaɗai ba. Duk inda aka sauƙaƙa kuɗin ganin likita, abin da ke raba mutane sai ya koma jira. Amma layin Zariya na da wani dalili na musamman. An gina asibitin koyarwa ne don abin da ya gagari ƙananan asibitoci: tiyatar ƙwaƙwalwa, ciwon daji, wankin ƙoda, jariran da aka haifa ba su cika wata ba. Sai ga shi mai zazzaɓi da mai gudawa da mai neman a auna masa hawan jini duk sun nufi Shika, sun haɗu da waɗanda aka turo daga Funtuwa, Giwa, Makarfi, Soba, har da jihohin maƙwabta. Ba laifinsu ba ne. Mutum ya je asibitin unguwa da dare ya tarar da kwaɗo a ƙofa, gobe ba zai koma ba.

A cikin asibitin ma layin ba ɗaya ba ne. Akwai na biyan kuɗi, na ciro fayil, na awon jini da nauyi, na ganin likita, sannan a koma biyan kuɗin gwaji, a kai samfur, a jira sakamako, a dawo. Kowane mataki in ya tsaya, ko don intanet ta ɗauke a wurin biya ko don fayil ya ɓata, duk na bayansa sun tsaya. Abin da ke rage wahala: ku je mutum biyu, ɗaya ya zauna da majinyaci ɗaya ya bi layukan biya, a adana lambar kati da duk rasit a leda ɗaya, a tambayi ranar da asibitin ƙwararru na wannan ciwon ke zama, domin kowane sashe na da ranakunsa, in kuma daga wani asibiti aka turo ku, ku tabbata an ba ku takardar turawa mai ɗauke da abin da aka riga aka yi, don kada a maimaita gwajin da kuka biya jiya.

Me ya sa yajin aiki ya yi yawa a asibitocin gwamnati?

Domin uban aiki ɗaya ne. Idan rigima ta tashi tsakanin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa da gwamnatin tarayya kan albashi ko alawus, asibitocin koyarwa na ƙasar gaba ɗaya ne ke durƙushewa lokaci guda. Na 2021 ya fara a farkon Agusta, bai ƙare ba sai farkon Oktoba. A 2018 gamayyar sauran ma'aikatan lafiya, wato nas-nas da masu haɗa magani da masu gwaji, ta yi nata na makonni. Likitoci masu neman ƙwarewa su ne ke kwana a ɗakunan jinya, don haka in sun janye, manyan likitoci kaɗan da suka rage ba za su iya riƙe gadaje ba, sai a sallami wanda za a iya sallama.

Mai ciwon da ba ya jira, kamar wankin ƙoda da ake yi sau 2 zuwa 3 a mako, ko mai suga da ke kan allura, ya kamata tun lafiya lau ya nemi taƙaitaccen bayanin jinyarsa a rubuce, ya kuma san inda zai nufa in an rufe.

Akwai kuma yajin da ba a shelanta shi: tafiya. Kafin a samu ƙwararren likita ɗaya, an yi shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta horon asibiti, hidimar ƙasa, sannan shekara 5 ko fiye ta ƙwarewa. Idan ya tattara ya tafi Ingila ko Saudiyya, ba a maye gurbinsa da takardar ɗaukar aiki.

Mece ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa gwamnati ba ta iya wannan aikin ba?

Ba tsada ba ce, ba kuma layi ba. Hujjar ita ce babu wanda ke jin zafi a aljihunsa in abu ya lalace. A asibitin kuɗi, na'urar hoto in ta tsaya mai asibiti na asara kowace rana, don haka kafin mako ya kira mai gyara. A na hukuma, sai a rubuta takarda, ta bi ofis-ofis, a jira amincewa, a jira kwangila, na'urar miliyoyi ta yi watanni a rufe saboda ɗan ƙarfen da bai taka kara ya karya ba. Ma'aikacin da ke tsayawa har dare da wanda ke zamewa bayan azahar ya tafi nasa asibitin, albashinsu ɗaya a ƙarshen wata. Wannan na kashe zuciyar masu ƙoƙari, kuma suna da yawa.

Sai siyasa. Sabon gini ana yanke masa kyalle a ɗauki hoto, amma albashin ungozomar dare da batirin firjin rigakafi babu mai yi musu biki. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe, kasafin lafiya kuwa ya fi son sabon gini. Shi ya sa ake ganin asibiti mai sabon fenti a ƙauye, ma'aikaci ɗaya ko biyu, ba ruwa, ba wanda ke kwana. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ke goyon bayan asibitin gwamnati bai kamata ya musa ba.

To me zai hana a sakar wa 'yan kasuwa gaba ɗaya?

Domin majinyaci ba kamar mai sayen atamfa ba ne a kasuwar Sabon Gari, da zai taya ya ƙi, ya zaga wani shago. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ƙarfe 2 na dare ba ta ciniki. Kuma mai sayarwa ne ke faɗa maka abin da kake buƙata: in an ce sai an yi hoto, sai an yi ƙarin ruwa, sai an yi tiyata, ba ka da ilimin da za ka ce a'a. Inda kuɗin asibiti ke ƙaruwa da yawan abin da aka yi maka, jarabar yin abin da bai zama dole ba tana nan. Amurka, wadda ta fi dogara da kasuwa cikin ƙasashe masu arziki, tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikinta kan lafiya, amma har yanzu sama da mutum miliyan 20 ba su da inshora.

Sannan akwai ayyukan da babu riba a cikinsu. Ajiye allurar rigakafi a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga sito har ƙauyen da babu wuta, bin sawun kwalara in ta ɓulla da damina, bin mai tarin fuka wata 6 har ya gama maganinsa, horar da likitoci. Ba ɗan kasuwar da zai ɗauki waɗannan. Ko asibitocin kuɗi na garin nan, in jinya ta yi nauyi Shika suke turawa.

Matsayarmu a nan ita ce: biya ya kamata ya zama na gayya, a tara tun kafin ciwo, gwamnati ta biya wa wanda ba shi da shi. Matakin farko da rigakafi da koyarwa su zauna a hannunta. Amma kuɗin ya riƙa bin majinyaci zuwa inda aka yi masa aiki, ko na hukuma ne ko na mishan ko na kuɗi, yadda asibitin da ya wulaƙanta mutane zai ji a asusunsa.

Ana cewa a Ingila komai kyauta ne. Me ya hana mu yi haka?

Ana biya, ta haraji. Harajin da Ingila ke tarawa ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na arzikinta, namu kuwa bai kai rabin haka ba. Su ma kuma suna fama da jira: ƙa'idarsu ita ce a fara jinyar wanda aka tura wa ƙwararre cikin mako 18, amma a 2023 jerin masu jira ya haura miliyan 7. Darasin da ya fi kusa da mu na Gana ne, wadda ta kafa inshorar ƙasa a 2003 da ƙarin harajin kashi 2.5 kan kayan saye. Mutane da yawa sun shiga, amma da hukumar ta riƙa jinkirin biyan asibitoci, wasu suka koma karɓar kuɗi a hannu.

Inshorar lafiya ta NHIA da KADCHMA, yaya suke aiki, kuma ina matsalarsu?

An fara shirin tarayya a 2005, a 2022 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta mayar da shi NHIA ta kuma wajabta inshora kan kowa. KADCHMA ita ce ta Jihar Kaduna, tana da tsarin ma'aikata da na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Kana zaɓar asibiti ɗaya a matsayin na farko. Ana biyan wannan asibitin wani adadi kan kowane mutum duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. In abin ya fi ƙarfinsa, sai a nemi lambar amincewa kafin a tura ka gaba. A tsarin ma'aikatan tarayya kana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Inda ake samun cikas: in adadin da ake biya kan kowane mutum ya yi ƙasa da tsadar kaya, asibiti zai fara ja da baya ga mai kati, a ce maganin babu. Lambar amincewa kan makale, musamman ƙarshen mako. Magungunan da ke cikin jeri na asali ne, ba masu sunan kamfani masu tsada ba, kuma wannan ba aibi ba ne muddin ingantattu ne. Wasu manyan jinyoyi kuma ba a ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya. Ka nemi a nuna maka jerin abin da aka ɗauka a rubuce tun ranar rajista.

Ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Katin zai ɗauke mu duka?

Alhaji, a tsarin ma'aikatan tarayya a'a. Yana ɗaukar mai aiki, mace ɗaya, da 'ya'yan cikinsa 4 'yan ƙasa da shekara 18. Sauran sai an yi musu rajistar ƙari da kuɗi daban. Wannan na cikin wuraren da tsarin bai dace da gidajenmu ba, kuma yana jawo a riƙa kai yaro da katin ɗan uwansa. Kada a yi haka: fayil ɗin na ɗauke da rukunin jini, nauyi, da maganin da jikin wancan yaron ba ya karɓa. In uwargida ko amarya na aikin gwamnati, ta yi nata rajistar da nata 'ya'yan.

Inshora ba ta saɓa wa addini ba?

Malamai da dama na bambanta inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke neman riba da ita, da asusun taimakekeniya inda jama'a ke zubawa don a yi wa wanda ciwo ya kama magani. Na biyun ya fi kama da abin da muka saba yi in an zaga da kwano don jinyar maƙwabci, illa dai an tara tun kafin ranar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa takardar tsarin ya karanta kafin ya yi hukunci.

Akwai abin da yake kyauta da gaske?

Akwai. Allurar rigakafin yara ta yau da kullum, maganin tarin fuka, maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 da damina. Wanda aka ce ya biya kuɗin waɗannan ya nemi rasit, ya tambayi kuɗin mene ne.

Za a iya ƙin karɓar majinyacin gaggawa saboda ba a ajiye kuɗi ba?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na hukuma ko na kuɗi, ƙin ba da agajin gaggawa. Wata dokar ta 2017 ta ce a karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A aikace, abin da kan tsayar da aiki shi ne kaya, musamman jini. Ana buƙatar dangi su bayar a madadin wanda za a ƙara, kuma sai an tantance shi daga ƙanjamau da ciwon hanta an gwada dacewarsa, abin da ke cin lokaci. Hajiya mai ciki, tun a awon wata 7 a san rukunin jininki, a tsayar da mutum biyu da za su iya bayarwa, a san motar da za a kira da dare. Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin jin daɗin marasa galihu, manyan asibitoci na da shi.

In an cuce ni, ko asibitin unguwarmu ba ya aiki, ina zan kai kuka?

A asibitin tarayya akwai teburin SERVICOM, wato masu karɓar koken jama'a kan yadda ma'aikatun gwamnati ke aiki. Rubuta ranar, lokaci, sashe, da abin da ya faru, ka riƙe kwafi. Mai katin inshora ya fara da jami'in inshora na asibitin, in bai warware ba ya wuce ofishin hukumar.

Na unguwa kuwa, akwai hanyar da mutane kaɗan suka sani. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun lafiya matakin farko, kuma wani ɓangare na shiga kai tsaye asusun bankin asibitocin da aka zaɓa, da nufin a samu aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255. Kowane irin wannan asibiti na da kwamitin ci gaban mazaɓa na mutanen gari, wanda ke da hannu a tsara yadda za a kashe kuɗin. Ku tambayi mai unguwa ko kansila wane ne shugaban kwamitin da ranar zamansu. Ku je da tambayoyi huɗu: nawa ya shigo a wannan zangon, me aka saya, ma'aikata nawa ke cikin jadawalin dare, kuma firjin da ake ajiye rigakafi da allurar tsayar da jinin haihuwa yana aiki ko ya mutu.